Tambaya da Amsa: Manhajar Sata da Manhaja Mai 'Yanci

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu, kuma Windows da Microsoft Office ɗin da ke kan kwamfutocina mai gyara ne ya ɗora mini su daga fulash, ban biya kamfanin ko sisi ba. Abokina ya ce sata nake yi, ya ba ni shawarar in koma Linux, wata manhajar tafiyar da kwamfuta irin Windows. To tunda ita ma Linux ba a biyan kuɗinta, mene ne bambancin? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bambancin yana wajen izinin mai abu. Wanda ya sayi Windows bai mallaki manhajar ba, lasisin amfani da ita ya saya bisa sharuɗɗan da kamfanin ya gindaya, kuma ɗora kwafin da aka fasa makullinsa keta haƙƙin mallaka ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, tana kare manhajar kwamfuta kamar yadda take kare littafi. Ta fuskar addini ma, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare. Akwai malaman da suka sassauta wa mai kwafi don amfanin kansa, amma kai da manhajar kake neman abinci.

Ita kuwa Linux, masu ita ne da kansu suka ba da izini a rubuce. A 1983 Richard Stallman ya fara aikin GNU a Amurka, wato shirin samar da manhajar da kowa ke da 'yancin amfani da ita, a 1989 ya fitar da lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar amfani da manhaja, da nazarin rubutun da aka gina ta da shi, da yi mata gyara, da raba ta, har da sayar da ita. Sharaɗinsa shi ne duk wanda ya raba ta, ko da bayan ya gyara, dole ya bar wa na gaba da shi irin wannan dama. Linus Torvalds ɗan ƙasar Finland, wanda ya fara Linux a 1991, wannan lasisi ya zaɓa daga baya.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, da dokar haƙƙin mallakar nan GPL yake samun ƙarfinsa, kuma ana zuwa kotu a kansa. A 2004 wata kotu a birnin Munich na Jamus ta hana kamfanin Sitecom raba na'urorinsa masu ɗauke da manhajar GPL sai ya cika sharuɗɗan, sannan a 2008 gidauniyar da Stallman ya kafa ta kai ƙarar kamfanin Cisco kan keta sharuɗɗan GPL a na'urorinsa masu suna Linksys, aka sasanta a 2009. Ke nan mai Linux da mai Windows duka suna da haƙƙi a kan aikinsu, sai dai ɗaya ya yarda ka ɗauka, ɗaya ya ce sai ka biya.

Na san za a ce farashin lasisi da dala ake yanke shi, ƙaramin ɗan kasuwa ba zai iya ba, kuma kamfanin ba zai talauce don shago ɗaya ba. Ƙorafin yana da tushe, amma a ganina ƙarfinsa ya ragu ƙwarai tunda akwai halastacciyar mafita. Sannan kwafin sata yakan ƙara ɗaure ka ga kamfanin, domin yaranka ba za su iya komai ba sai kayansa, ga hatsarin mugunyar manhajar da masu fasa makulli kan cusa a ciki, a kwamfutar da jama'a ke kawo takardun makaranta da na banki.

Shawarata ita ce ka fara da LibreOffice, manhaja mai 'yanci da ke yin irin aikin Office, wadda ke aiki a kan Windows da Linux, tana kuma buɗe takardun Word da Excel, ko da yake tsarin shafi yakan ɗan sauya a takardu masu zane da yawa. Ka gwada Ubuntu, wato wani nau'in Linux, a kwamfuta ɗaya, ka tabbatar tana gane firintarka. Idan akwai aikin da ba ya yiwuwa sai da Office, ka sayi lasisi na gaske ga kwamfutar da ke yin sa, ka sa kuɗin cikin farashin aikinka kamar yadda kake sa na tawada da man janareta.