Fulin famfon ruwa na tarakta yana cin fanbel, a gyara ko a canza?

To ɗana na ga saƙonka tun jiya da daddare, muna kan wani inji ne har bayan isha'i shi ya sa ban amsa ba. Ka ce Massey 375 ɗin da aka kira ka gona a kanta ta ci fanbel uku a daminar nan, tana ƙiiii in an taka wuta, in ta ɗan ja haro sai ta fara obahitin, kuma da ka leƙa ka ga fulin famfon ruwa, wato zagayayyen ƙarfen da bel ke hawa ya juya famfon, yana rawa. Shi ne kake tambaya ko mai walda ya ɗiga masa a jikin shaf, sandar da fulin ke zaune a kai, ya tsaya, ko kuwa sabo za a saya.

Maganar walda ka cire ta daga ranka tun yanzu, zan dawo kanta.

Kafin ka ce wa mai tarakta ya kawo kuɗin fuli, ka fara gano ko fulin ne ke rawa ko shaf ɗin ne gaba ɗaya, domin a ido duk iri ɗaya ne amma ba ciwo ɗaya ba ne. Ka kashe inji, ka cire kan batir, ka sassauta altaneta ka zare bel ɗin. Sai ka kama fikafikan fanka da hannu biyu ka girgiza sama da ƙasa. In fuli da shaf suna motsi tare kana jin ƙwas ƙwas to boris ɗin famfon, wanda shaf ke juyawa a cikinsa, shi ne ya tafi, fuli ba shi da laifi. Ka juya shi da hannu kuma, in kana jin kamar da yashi a ciki shi ma boris ne. Ka leƙa ƙarƙashin famfon, akwai wani ɗan rami da aka bari da gangan, in ka ga ruwa na ɗiga ta nan ko tsatsa ta yi layi to sil ɗin da ke tare ruwa ya mutu, ruwa ya riga ya fara shiga boris. A nan ba maganar fuli kaɗai kuma, famfo za a sauke. Amma in shaf na tsaye cak fuli ne kawai ke lilo a kansa, to ramin tsakiyarsa ne ya buɗe.

Sai kwarin da bel ke zama. Nan ne yara da yawa ba sa kallo. Bel mai siffar V da gefensa yake kamawa, gindinsa bai kamata ya taɓa ƙasan kwarin ba sam. Ka haska da tocilan wayarka, in ƙasan kwarin yana ƙyalli kamar an goge cokali to bel ya nutse har ƙasa, gefen fulin ya cinye kenan, ko kuma an sa bel ɗin da ya yi masa siriri. Ka sa yatsa ka shafa gefen, lafiyayye a miƙe yake, wanda ya cinye za ka ji ya yi lungu kamar cikin kwano har da ɗan kaifi a baki, kuma wannan kaifin ne ke yanka bel. Ƙurar gona da yashi su ke wannan aikin a hankali, kamar samfefa. Abin haushin shi ne da direba ya ji ƙara sai ya ɗauko ƙarfe ya banƙare altaneta ya ɗaure bel tamau, ƙara ta ɗauke kwana biyu, amma nauyin duk ya koma kan boris ɗin famfo da na altaneta. Ina kyautata zaton haka aka yi wa wannan taraktar, shi ya sa nake ce maka ka duba boris da kyau, da wuya ka samu fuli ya mutu shi kaɗai.

In kwari ya cinye ba gyara, canji ne. Wasu na kaiwa wajen mai tona, wato mai injin feƙe ƙarfe, ya sake yanke kwarin, ni ban cika so ba don kwarin ƙara faɗi yake, bel ya ƙara nutsewa. In ramin tsakiya ne kawai ya buɗe kuma an rasa sabo, mai tona da ya san aikinsa zai iya sa masa bush, wato zoben ƙarfe da zai cike ramin, wannan na yarda da shi a lalura. Amma na Massey mai injin Perkins ba wahalar samu yake ba, a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna za ka samu, sai dai ka tafi da tsohon a hannu ka gwada faɗi da zurfi da yawan ramukan notin fanka, kar ka yarda da "ai duk ɗaya ne".

Walda kuwa, zafinta ta cikin shaf yake bi ya narkar da giris ɗin boris ya ƙona sil, kuma yawancin fulin nan ƙarfen zubi ne, tsagewa yake kusa da inda aka ɗiga. Ga shi ba zai taɓa zama daidai a tsakiya ba. Fanka a jikinsa take fa, lagireto kuma na gabanta da ɗan taƙi kaɗan. Ina yaro a gareji na taɓa ganin wadda aka yi wa haka, ana cikin huɗa fuli ya balle fanka ta shige lagireto, kuɗin da aka kashe ya ninka na sabon famfo sau nawa, ga aikin gona ya tsaya a lokacin da kowa ke rububin tarakta.

Wajen cirewa, ka sauke famfon dai ka yi aikinka a ƙasa, ka juye ruwa bayan inji ya huce. Fulin nan iri biyu ne, akwai mai noti da ki (ɗan ƙarfen da ke kulle fuli da shaf) a gaba, akwai wanda matsa shi kawai aka yi a kan shaf. In na matsawa ne, kafin ka taɓa shi ka auna tazarar da ke tsakanin kwarin da fuskar famfon da ke manne da inji ka rubuta a takarda, don a nan sabon zai tsaya. Ka yi amfani da fula, wato ƙarfen zaro fuli, ka ɗaura ta a ramukan notin fanka, kar ka maƙala ta a bakin fulin, ɓallewa zai yi. Guduma kuma ka bar ta a akwati. Na san hannunka, shi ya sa na faɗa.

Wajen mayarwa ka tokare ɗaya ƙarshen shaf ɗin ta wajen farfelar da ke tura ruwa a cikin famfon da wani ƙarfe, yadda ƙarfin matsawar zai bi ta shaf ba ta cikin boris ba, sannan a matsa a hankali har ya kai awon da ka rubuta. In ya yi tauri ka ɗan ɗumama fulin shi kaɗai kafin ka ɗora, ba wai ya yi ja ba. In mai ki ne ka duba ki ɗin da mazauninsa, in ya cinye ka canza. Ka kankare tsohon gasket tas ka sa sabo.

Da ka ɗaura, ka samu miƙaƙƙen ƙarfe ka kara a fuskar fulin karanshaf da na famfo da na altaneta ka ga suna layi ɗaya, in ɗaya ya leƙo gaba bel zai ci gefe guda ya mutu da wuri. Sabon bel za ka sa, wanda tsohon fuli ya tauna ba ya komawa. Ɗaurinsa kuma in ka danna da babban yatsa a tsakiyar inda ya fi tsawo ya lotsa kamar santimita 1, shi ke nan. Bayan ta yi aikin yini guda a sake dubawa don sabon bel yana ɗan saki.

Obahitin ɗin ma kar ka ɗora shi duka a kan fuli, ka hure ciyawa da ƙurar da suka toshe fuskar lagireto, ka tambayi direban wane irin ruwa yake zubawa, in na kududdufi ne a wanke ciki. Ka je ka girgiza fankar da safe, ka ɗauko min hoton kwarin da na ƙarƙashin famfon ka turo kafin ka karɓi kuɗin kaya a hannun mai taraktar.