Tsatsa ta huda bodin mota: ina faci ke isa, ina kuma sai walda?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Peugeot 504 salun da na gada daga mahaifina. Bayan daminar bana na tarar tsatsa ta huda ƙasan ƙofar baya da kuma fenda, kowane rami bai kai tafin hannun yaro ba, sannan akwai wani ramin a ƙarƙashin kafet, daidai inda direba ke ajiye ƙafa. Mai gyaran bodi ya ce sai walda, abokina kuma ya ce fila, wato kwaɓin da ake shafawa a cike lotsawar bodi, ta wadatar. Wanne zan bi, me kuma zan saya? Daga mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifi. Motar da ke hannunka 'yar gida ce, domin a 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kakuri, nan Kaduna, kuma ina jin daɗi duk lokacin da na ga wanda ke son ya raya irinta maimakon ya miƙa ta ga 'yan gwangwan. Amsar ita ce mai gyaran da abokin naka kowannensu ya faɗi rabin gaskiya, saboda ramukan nan uku ba hukuncinsu ɗaya ba.

Ƙofa da fenda fata ce kawai, ba sa ɗaukar nauyin mota, don haka ana iya yi musu faci ba tare da wuta ba, kuma facin ya daɗe. Wani lokaci ma ya fi waldar kabayid alheri, domin zafinta yana lanƙwasa siririn ƙarfe, ya ƙone fentin da ke ta ciki, ya bar wurin tsirara ga danshi. Amma ramin ƙarƙashin ƙafarka daban ne. Salun ɗin 504 ba ta da shasi na daban, daɓenta da ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi su ne ƙashin bayanta, kuma duk inda kujera ko bel ko shokazoba ke ɗaure, ƙarfe ne kaɗai zai riƙe shi ranar da aka yi karo. Ga kuma hayaƙin salansa, wanda ke ɗauke da iskar guba marar wari, yana iya shigowa ta nan. Wannan ka kai shi a yanke, a sa sabon falle da walda, kada ka yi ciniki da shi.

Game da sauran biyun, aikin da ake yi kafin a buɗe gwangwanin fila shi ne ainihin aikin. Tsatsa tana ci ne daga ciki, musamman a ƙasan ƙofa, inda ƙurar hunturu ke toshe ƴan ramukan fitar ruwa, damina ta zo ta mayar da ita laka. Saboda haka abin da ido ya gani ƙaramin ɓangare ne. A kankare fenti da garanda ko samfefa mai lamba 80 har sai ƙarfe ya yi fari, a zarce bakin ramin da kamar santimita 5, sannan a danna gefen da sukundireba, duk inda ya lotsa a yanke shi. Kada ka tsorata idan ramin ya ninka, haka ya kamata. Daga nan a shafa maganin tsatsa, wanda yawanci sinadarin fosforik ke cikinsa, a bar shi ya bushe, a ɗan buga bakin ramin ya shiga ciki domin facin ya samu wurin zama.

Abin da za ka saya shi ne tabarmar faiba (saƙar zaren gilashi) da ruwan resin (gam ɗin da ake jiƙa ta da shi) da hadina (ruwan da ke sa resin ya daskare), ƙaramin gwangwanin fila, firama (fentin share fage), da samfefa mai lamba 80 da 180 da 320. Faiba ce ke toshe ramin, a shimfiɗa ta ninki biyu ko uku ta bayan ƙarfen idan hannu zai kai, a jiƙa ta da resin. Hadina kuwa kashi 2 cikin 100 na resin ya isa, kuma a zafin Maris da Afrilu a riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan a inuwa, domin yana daskarewa kafin ka gama shafawa. A sa safar hannu da takunkumi. Fila aikinta daidaita fuska ne kawai, kaurinta kada ya wuce milimita 3 zuwa 6, kuma tana shan ruwa, shi ya sa dole a rufe ta da firama da fenti, a kuma shafe bayan facin da fentin kariya, a buɗe ramukan fitar ruwan nan.

Na taɓa tsayawa a wani gareji ina kallo aka ɓamɓaro fila mai kaurin yatsa biyu daga fendar wata mota, sai ga tsohuwar jarida da kwali a dunƙule a bayanta, sun jiƙe sharkaf, ƙarfen gefe kuma yana marmashewa kamar ƙuli-ƙuli. Irin wannan aikin ne ya ɓata wa faci suna, kuma shi nake jiye maka. Ka zauna a wurin ranar da za a yi, ka ga farin ƙarfe da idonka kafin a rufe. Idan kuma ramin fendar ya zarce tafin hannun babba bayan an kankare, ka zagaya kasuwar Panteka da wajen masu tsofaffin kayan mota ka tambayi kuɗin fenda sukutum, tunda da kusoshi aka ɗaure ta gaba, sauya ta ba wuya.

Tambaya: Zan sayi tokumbo, yaya zan gane an cika ta da fila? Daga mai karatu a Kawo.

Amsa: Ka tafi da ƙaramin maganaɗisu naɗe a ƙyalle, ka bi da shi ƙasan ƙofofi da kewayen tayoyi, inda ya ƙi kamawa a bodin ƙarfe akwai fila mai kauri. Ka ɗaga kafet da safaya taya, ka kuma leƙa ƙarƙashi da tocila, musamman idan motar daga Kanada ko arewacin Amurka ta fito, inda ake barbaɗa gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Ka je dubawa da rana tsaka, ba da magariba ba.