Jari ko abinci: amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan rabon zakkarsa

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce zakkarka ta bana ta kai wajen naira dubu ɗari uku, kana tunanin ko ka raba wa mutane da yawa su sayi abinci, ko ka damƙa wa mutum ɗaya ya ja jari, kuma yayanka ya ce bayarwa tana kashe zuciya, tana haifar da cima-zaune. Na daɗe a cikin kwamitin da ke tattara zakka da sadaka a unguwarmu, don haka zan faɗa maka abin da idona ya gani.

Maganar yayanka tana da tushe, ban raina ta ba. Hadisi ya tabbata cewa hannun sama ya fi hannun ƙasa, kuma mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa roƙon mutane. Mun san masu maula da suka mayar da ƙofar gidajen masu hali wurin aiki, ƙarfinsu lau. Amma wallahi a cikin waɗanda muke shiga gidajensu, irin waɗannan 'yan kaɗan ne. Mafi yawa sun fi ni da kai wahala: matar da ke tashi kafin asuba ta soya ƙosai, dattijon da ke tura kurar ruwa, yaron da ke bin bola yana tsintar gwangwani. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce 'yan Najeriya miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kashi 65 cikin ɗari na waɗannan mutane kuma a Arewa suke. Lalaci ba ya kama mutane masu wannan yawa a lokaci guda.

Abin da na koya shi ne, kafin ka tambayi me za ka bayar, ka fara sanin wa za ka ba. Akwai tsohuwar da ba ta gani, da mai shanyewar ɓarin jiki, da marayu ƙanana. Wanda ya ce wa waɗannan su dogara da kansu ya zalunce su. Haƙƙinsu ne a ciyar da su a kai a kai, ba tare da gori ba, kuma faƙirai da miskinai su Allah Ya fara ambata a cikin kashi takwas na aya ta 60 a Suratut Tauba.

Sai masu lafiya da sana'a a hannu, waɗanda jari kawai suka rasa. Nan ne aikin yake, kuma nan ne na ga kuɗi masu yawa sun salwanta. Za a ba bazawara mai 'ya'ya biyar jarin awara, a yi addu'a, a watse. Kafin wata ya zagayo yaro ya kwanta da zazzaɓi, mai gida ya zo karɓar haya, tukunya ba ta hau wuta ba tun jiya. Me za ta yi? Ta cinye jarin, kuma duk uwar kirki haka za ta yi. Daga nan sai a ce ai ga shi, an ba ta ta kasa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Jarin da ya shiga gidan da babu abinci, abinci yake komawa.

Wannan ma shi ne raunin da nake gani a yawancin tallafin gwamnati. Shirin TraderMoni na 2018 rancen naira dubu goma ne ga ƙananan 'yan kasuwa. Naira dubu biyar ake ba gidajen talakawa a wata zamanin Buhari. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 a garuruwan Arewa, an yi alƙawarin dubu 25 sau uku. Ban ce ba su da amfani ba, wanda ya kwana da yunwa ya san darajarsu. Sai dai kuɗin ba su isa jari ba, kuma ba mai komawa ya ga yadda aka ƙare.

Inda abin ya yi aiki, haɗawa aka yi. Ƙungiyar BRAC a Bangaladash ta fara wani tsari a 2002: a ba mace saniya ko awaki, a haɗa mata da ɗan kuɗin cefane na wani lokaci don kada ta sayar da dabbar, a koya mata kiwo da ajiya, a riƙa leƙa ta har kusan shekara biyu. An gwada shi a ƙasashe shida, har da Gana da Habasha, kuma sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna a mafi yawansu gidajen sun ci gaba da samu bayan an janye hannu. A Nijar ma an yi makamancinsa da matan karkara masu karɓar tallafin wata-wata, aka sa su cikin ƙungiyoyin ajiya irin na adashe, aka koya musu sana'a, wasu aka ƙara musu jarin sefa dubu 80. Malaman mazhabar Shafi'iyya kuwa tun da daɗewa suka ce a ba mai sana'a zakkar da za ta saya masa kayan aikinsa.

Don haka da ni ne, ba zan yayyafa kuɗin nan ga mutum sittin kowa ya tashi da dubu biyar ba. Zan ware kaso ga tsofaffi da marasa lafiya biyu ko uku da na sani. Sauran in nemi mutum ɗaya, ko biyu, wanda ya riga ya iya sana'ar: telar da ke ɗinki da keken aro, ko matar da ke da masu saye amma take karɓar waken suya bashi. Kada ka zaɓa masa sana'a, tambaye shi abin da ya tsaya masa. Kada kuma duka kuɗin su tafi a kayan aiki. A bar abin da zai riƙe gidan da masara ko gero na watannin farko. Tunda zakka ce, ta zama tasa, ba ka da ikon gindaya masa sharaɗin ya biya, amma ba abin da ya hana ka riƙa ziyartarsa a matsayin ɗan'uwa, ka kuma kai masa ɗinkin iyalinka.

Wajen nemo mutanen, kada ka tsaya kan masu zuwa ƙofarka. Mabuƙata na gaskiya sau da yawa kunya ta kulle su a gida. Tambayi limamin unguwa, ka kuma sa mai ɗakinka ta bincika a cikin mata, domin su ne suka san gidan da aka kwana biyu ba a ga hayaƙi ba. Idan ka tashi bayarwa, ka je da daddare kai kaɗai, ka bar waya a aljihu, kada a ɗauki kowa hoto.