Amsa: Wa za mu samu kan asibitin ƙauyenmu?

Malam ka ce asibitin ƙauyenku ba magani ba ungozoma, ciyaman za ku samu ko jiha? Ku fara da kwamitin raya mazaɓa, WDC ɗin nan, su ke kai kuka wajen daraktan lafiya na ƙaramar hukuma, shi ya tura hukumar lafiya matakin farko a Birnin Kebbi.

Amma fa ku bincika ko naku aka zaɓa, don kuɗin BHCPF, asusun tallafa wa lafiya matakin farko da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kawo, galibi asibiti ɗaya ake ba kowace mazaɓa. Mu nan wajen Argungu sai da muka rubuta takarda, mai gari ya buga hatimi, sannan aka turo mana ungozoma.