Tambaya da Amsa: Me zan ci, me zan sha, in ina motsa jiki don rage ƙiba?

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suke, tumbi da motsa jiki da abin da za a sa a baki, wanda bai ga tambayarsa ba ya yi haƙuri sai wani makon.

"Anti barka da aiki. Ni da maƙwabciyata mun fara zagaye bayan sallar asuba, kamar minti 40. An ce min in ba a ci komai ba kitse ya fi saurin narkewa, to ba na cin komai, amma wani lokaci jiri nake ji har sai na zauna a bakin hanya. Ina tsoron faɗuwa, kuma ina tsoron in na ci wahalar ta tashi a banza." Daga Maman biyu, Zariya.

Kwantar da hankalinki ƙanwata, ba abin da zai tashi a banza. Jiki ba ya lissafi da abin da kika ci a awa ɗayar nan, lissafinsa na yini ne gaba ɗaya har ma na mako, in abin da ke shiga bai kai wanda ake ƙonewa ba za ki ragu, ko kin ci kafin ki fita ko ba ki ci ba. Wanda ba ya jin komai in ya fita da ciki wayam sai ya ci gaba da abinsa, amma ke jikinki ya riga ya gaya miki ba ya so. Ki sha ruwa kofi ɗaya ko biyu da kin tashi, ki ci ayaba ɗaya ko dabino biyu zuwa uku kafin ki sa takalmi, shi ke nan. In kin dawo ki karya da abin da zai riƙe ki, dafaffen ƙwai biyu ko alale da koko marar sukari sosai. In kina shayarwa kuwa ban ma yarda ki fita ba ki ci ba. Kuma in jirin bai bari ba dan Allah ki je a auna miki jini da hawan jini, ƙarancin jini ya yi yawa a mata kuma ayaba ba ta maganinsa.

"Ina zuwa jim sau huɗu a mako da yamma, ina haɗa gumi sosai. In na fito ina tsayawa wurin mai shayi in ci indomie biyu da ƙwai da shayi mai kauri, wani lokaci in haɗa malt da madara saboda in mayar da ƙarfi. Wata uku ke nan tumbin yana nan. Ko jim ɗin zan canza?" Daga wani ɗan'uwa a Kano.

Malam ba jim za ka canza ba, teburin mai shayi za ka canza. Gobe in ka je ka tsaya ka kalli hannunsa da kyau, ka ga man da yake tuttulawa a kasko kafin ya fasa ƙwan, ka ƙirga cokalin sukari da na bonbita da yake zubawa a kofin kafin ya huda gwangwanin madara, sannan ka tuna tafiyar minti 30 da sauri abin da take ƙonewa bai wuce kalori 150 ko kusa da haka ba (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), lemon kwalba ɗaya na 50cl kuwa ya kai 200 don sukarin cikinsa ya kai giram 50, wajen cokalin shayi 12. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba kada ya wuce kusan wannan adadin a yini guda, in ma ya tsaya a rabinsa ya fi. Malt ɗin nan da ake cewa yana ƙara jini shi ma sukari ne cike. Kai kullum kana cirewa da cokali kana mayarwa da ludayi. Bayan jim ruwa za ka fara sha, sannan ka ci abincin darenka na gida amma ka rage malmalar tuwon ka ƙara miyar ganye, ko wake da kifi, ko kwaɗon zogale da ƙwai. In dole sai ka zauna wurin mai shayin saboda hira, ka ce a dafa maka ƙwan kar a soya, shayin kuma ruwan bunu da sukari kaɗan.

"Anti akwai wani shayin rage ƙiba da wata take tallarsa a Instagram, naira 25,000, ta ce a sha kafin motsa jiki da kuma kafin barci, kilo 10 a mako biyu. Na ga hotunan waɗanda suka sha. In saya?" Daga wata amarya mai jiran gado, Kaduna.

Kada ki saya. Kuma ku yi haƙuri a nan zan daɗe, don wannan abin yana ci min tuwo a ƙwarya. Yawancin shayin nan abin da ke cikinsu maganin sa gudawa ne, irin su filasko da kakanninmu suka sani, da kuma masu sa yawan fitsari. Ki sha da dare, ki kwana kina zarya banɗaki da murɗar ciki, da safe ki hau sikeli ki ga kilo biyu ya tafi ki yi ta murna ki tura wa mai tallar saƙon godiya ita kuma ta ɗora a shafinta, alhali ruwan jikinki ne ya fita ba kitse ba, kina shan ruwa kwana biyu ya dawo. To ki haɗa wannan da motsa jiki a zafin Maris ko Afrilu, ga gudawa ga gumi, gishirin jiki ya zube, ƙafa ta riƙa ɗaurewa, zuciya na bugawa ba daidai ba, ƙoda na wahala. In aka daɗe ana sha kuma hanji ya saba, sai a koma ba a iya bayan gida sai da shi.

Wannan ma mai sauƙin ne. Akwai wani magani sibutramine da aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma hukumomin magunguna sun sha kama shi a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da aka rubuta wai zallar ganye ne. Ke da za ki sayi abu a leda ko roba da aka manna wa takarda, ba sunan kamfani ba adireshi ba ranar lalacewa, ta ina za ki san abin da aka zuba? Lambar NAFDAC ma, wato hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, kowa zai iya bugawa a kwali, sai an duba ta a shafin hukumar a ga ko ta dace da sunan kayan, kuma ko ta gaskiya ce, a maganin gargajiya ba shaida ba ce cewa yana aikin da aka ce, sau da yawa a jikin kwalin ma an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Hotuna kuwa, haba jama'a, a zamanin da waya ke siranta mutum da danna yatsa ɗaya? Raguwar da likitoci suka yarda da ita rabin kilo ne zuwa kilo ɗaya a mako. Duk wadda ta ce miki 10 a mako biyu ko ƙarya take ko cutar da ke za ta yi. Abin da ya fi ba ni haushi, mace za ta ce kifi ya yi tsada ƙwai ya yi tsada, amma ta ciro 25,000 ta tura wa wadda ba ta taɓa gani ba, in abu ya faru a kira lambar a ji ta a kashe. Ki riƙe kuɗinki amarya, ki gaya wa tela ya auna ki yadda kike, ki fara tafiya da yamma ki ajiye lemo da cincin, Allah ya sa alheri ya kai mu ranar.

"Garin furotin na gwangwani da ake sayarwa a jim, dole ne?"

Ba dole ba ne. Ƙwai ɗaya na da furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 6, ga wake, awara, kifi, nono, gyaɗa, tsire in an samu marar kitse, kuma kuɗin gwangwani ɗaya ku da kanku kun san kiret nawa na ƙwai zai saya. Ga shi jabunsa ya yi yawa. Gyaɗa dai a bi ta a hankali, tafin hannu ɗaya ya isa don mai gare ta, awara kuma soyayya ce ke ɓata ta. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin sai da izinin likita.

"Gaskiya ne shan ruwan sanyi bayan motsa jiki yana daskarar da kitse? Sannan ina ɗaura leda a ciki in ina gudu don tumbin ya narke."

Kai jama'a. Ruwan sanyi na shiga ciki yake ɗumi, ba ya daskarar da komai, sha abinka. Ledar kuwa cire ta ka zuba shara a ciki, gumi ba kitse ba ne, kuma ba a zaɓar wa jiki wurin da zai rage. Ka riƙa kurɓar ruwa kafin ka fara da lokacin da kake yi da bayan ka gama, in fitsarinka ya yi ja-ja to ruwan bai isa ba. Lemon ƙara kuzarin nan da samari ke ɗaɗɗaka kafin ƙwallo sukari ne da sinadarin kafeyin mai hana barci, mai neman rage tumbi ba ruwansa da shi, balle mai hawan jini. Zoɓo da kunun aya na gida lafiya lau in kai ka sa sukarin da hannunka, na roba da ake sayarwa a bakin titi kuwa ka san yadda ake zaƙaƙa shi.

"Ina azumin Litinin da Alhamis kuma ina da ciwon suga, ina shan magani. Yaushe zan yi motsa jikina?" Daga wani dattijo, Maraɗi.

Baba Allah ya ƙara lafiya ya karɓi ibada. Ranar azumi kada ku yi da rana, ku bari sai an sha ruwa da dabino ɗaya ko biyu, a yi magariba, a ci abinci marar nauyi, bayan kamar awa ɗaya sai ku taka a hankali. Wasu magungunan suga da allurar insulin suna iya sa suga ya faɗi ƙasa sosai in aka haɗa yunwa da motsa jiki, alamarsa rawar jiki da gumi mai sanyi da ruɗewa, don haka ku riƙa sa dabino ko alewa a aljihu in za ku fita, kuma kada ku tafi ku kaɗai. Ku ɗauki kwalin maganin ku kai wa likitanku ya duba, shi zai faɗa muku ko lokacin shansa na buƙatar gyara a ranakun azumin.