Shin waya za ta iya auna hawan jini?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na sauke wata manhaja da ake ɗora yatsa a kan gilashin waya, ta faɗi hawan jini da sukari. Mahaifiyata tana shan maganin hawan jini. Zan iya dogara da ita mu huta da zuwa kyamis?

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya. Ɗan'uwa, ka goge manhajar nan yau-yau. Gilashin waya ba abin da yake ji sai taɓawar yatsa, lambobin da kake gani ƙirƙirarsu aka yi. Har masu amfani da kyamara ma ba su tsira ba. A 2016 likitoci a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun gwada wata mai suna Instant Blood Pressure, suka tarar cikin kowane awo 5 da jini ya hau, kusan 4 ta ce lafiya lau. Wannan ne ke tayar mini da hankali, don dattijuwa za ta iya ajiye maganinta saboda lambar ƙarya.

Abin da kyamara ke iyawa shi ne ƙirga bugun zuciya. Kunna tocila ka rufe kyamarar baya da yatsa, za ka ga allon ya yi jawur. Duk lokacin da zuciya ta harba jini, jan yana ɗan sauyawa, shi ake ƙirgawa. Hawan jini kuwa, a sayo na'urar da ake ɗaurawa a damtse.

Tambaya: To wace dabarar waya ce aka tabbatar tana taimakon lafiya?

Amsa: Tun 2010 hukumar NAFDAC ta kawo tsarin kankare bayan kwalin wasu magunguna kamar katin waya, musamman na zazzaɓin cizon sauro. Ka tura lambar ta tes kyauta, a ce maka na gaske ne ko jabu. Ƙaramar waya mai madannai ma ta wadatar.

Wadda ta fi burge ni ita ce manhajar gwajin ƙarfin gani mai suna Peek Acuity, da likitan ido Andrew Bastawrous da abokan aikinsa suka gwada a Kenya. Harafin E ne kawai ke bayyana a allo, yana juyawa yana ƙanƙancewa. Mai gwaji zai tsaya mita 2 daga wanda ake dubawa, shi kuma ya nuna da hannu inda ƙafafun harafin suka fuskanta, sai a shafa allon ta wannan wajen. Ba sai mutum ya iya karatu ba, shi ya sa malaman makaranta suka iya tantance ɗalibansu da ita. Ba ta faɗin cutar da ke idon, amma tana nuna yaron da ya kamata a kai asibitin ido.