Fim ɗin Mandela bai shiga sinima ba: faɗuwa ya yi?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina ɗan rubuta sharhin finafinan Indiya a Facebook. Na yabi Mandela, fim ɗin Tamil na Yogi Babu, sai wani mai mabiya da yawa ya yi mini kaca-kaca. Ya ce fim ɗin faɗuwa ya yi, ko sinima bai samu shiga ba, yabon 'yan jarida kuma saye ne. Mutane sai dariya suke mini, har na fara tunanin goge rubutun. Shi ke da gaskiya?
Wani mai karatu daga Zariya

AMSA: Ƙanena, kada ka goge ko harafi ɗaya.

Abu guda ya faɗa daidai: Mandela bai shiga sinima ba. An fara haska shi a tashar talabijin ta Vijay ranar 4 ga Afrilu 2021, washegari ya hau Netflix, a zamanin korona. Ranar 6 ga wata kuma aka yi zaɓen majalisar jihar Tamil Nadu. Ka lura da wannan lissafi. Fim ne kan sayen ƙuri'a, aka kai wa mutane har cikin ɗakunansu ana saura kwana biyu su fita rumfar zaɓe. Wanda yake ɓoye kayan da suka lalace ba haka yake yi ba.

Masu sharhi a jaridun Indiya akasarinsu sun yaba, kuma abin da suka fi tsayawa a kai shi ne Yogi Babu. Shekara da shekaru ana sa shi ɗan barkwanci a gefen jarumi, gashinsa da fuskarsa su ne abin dariyar. Nan kuwa darakta Madonne Ashwin, a fim ɗinsa na farko, ya sa shi ya kama kansa. Wanzami ne a ƙauyen Soorangudi, shagonsa gindin bishiya, ko sunan kirki ba shi da shi. In an kira shi aski gida, ta ƙofar baya yake shiga saboda asalinsa. Wata ma'aikaciyar gidan waya ce ta raɗa masa Nelson Mandela don ya samu katin shaida. Sai zaɓen shugaban ƙauye ya zo, 'yan uba biyu suka tsaya, ƙuri'un arewacin gari da na kudanci suka yi kunnen doki, ta wanzami ta zama raba gardama. Waɗanda jiya ba sa barinsa ya taka zaurensu suka koma kawo masa kyauta, har gwanjon ƙuri'arsa aka yi a bainar jama'a. Kana dariya, cikinka na juyawa.

A kyaututtukan fim na ƙasar Indiya karo na 68, waɗanda aka sanar a 2022, ya ɗauki biyu: na fim ɗin farko na darakta, da na rubutun maganganu. Ya kuma shiga jerin finafinai 14 da aka tace don wakiltar Indiya a Oscar, ko da yake wani fim mai suna Koozhangal aka tura. A 2023 masu fim da harshen Telugu suka sake yin sa da sunan Martin Luther King. Wa ya taɓa kashe kuɗinsa ya sake gina labarin da ya mutu?

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, don kusan kullum sai na gamu da shi. An samu wasu malaman fim na waya da suka mayar da kuɗin tikiti ma'aunin komai. Da ka ambaci fim, tambayar farko: nawa ya kawo? Su jero maka miliyoyin rufi, kuɗin Indiya, kamar a gabansu aka ƙirga. To a ina suka gani? A Indiya yawancin alƙaluman nan daga bakin furodusoshi da masu rarrabawa da 'yan bin diddigin kasuwa suke fitowa, kuma sau tari kowa da nasa. Magoya bayan manyan jarumai kwana suke suna faɗa a intanet a kan wane ya ƙara sifili. Wannan ke nan ga fim ɗin da ya shiga sinima. Wanda bai shiga ba fa? Ba a sayar da tikiti ko ɗaya ba, saboda haka babu adadin da za a ce ya gaza. Cinikinsa da tashar talabijin da Netflix aka yi. Cewa ya faɗi a sinima daidai yake da cewa ɗalibi ya faɗi jarabawar da ba a rubuta sunansa ba. Ko da ma a ce ya shiga ya yi asara, kuɗin makon farko yana gaya maka girman jarumi ne, da yawan tallar da aka yi, da ko ranar biki aka sake shi. Ba ya gaya maka ko labarin yana da kai da gindi. Illar wannan tunani ba a kan Mandela take ba, shi ya riga ya ci nasa. Illar tana kan yaranmu masu son rubuta fim. Su ji ana ta kirarin miliyoyi, sai su ɗauka in ba a fasa motoci goma ba, ba a yi fim ba, alhali wanzami ɗaya da bishiya ɗaya sun riƙe mutane sama da awa biyu.

Batun sayen 'yan jarida, ba zan rantse maka cewa ba a taɓa biyan mai sharhi a Indiya ba. Amma wanda ya yi zargi shi ke kawo hujja. Ka tambaye shi: wace jarida, wane marubuci? Alƙalan kyautar ƙasa ma sayensu aka yi? Za ka ji shiru, ko zagi.

Kai ma kada ka mayar da fim ɗin marar aibi. A ganina ƙarshensa ya yi zaƙi fiye da kima, mutanen da suka daɗe suna wulakanta mutum ba sa shiryuwa da wuri haka. Ƙungiyar masu aski ta Tamil Nadu kuma ta kai ƙara Babbar Kotun Madras, tana cewa an ƙasƙantar da sana'arsu. Ka ƙara waɗannan biyun a rubutunka, ka sa ranakun da kyaututtukan, sannan ka bar shi yadda yake.